Ku Ba Ni Hoton Mahaifata Na Farko

Zuwa ga Likita,
mai cibiyar ɗaukar hoton ciki da ke Dutsin-Ma, wadda na je a farkon daminar bara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Ba zan kira sunanka ba, ba kuma zan kira sunan wurinka ba, don ba na son a ce Malama Saudatu ta tashi kashe wa wani kasuwa. Idan ka karanta za ka gane da kai nake. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinka ana ce mini ka fita, na kuma bar takarda biyu a wajen yarinyar da ke yankan kati, har yau ban ji amsa ba. Shi ya sa na kawo maganar fili.

Sunana Saudatu. Malamar firamare ce ni a Kurfi, asalina kuma Barkiya. Likitocin babban asibiti a Katsina sun tabbatar mini ina da kansar mahaifa. Ranar Talata mai zuwa za su zauna a kan takarduna su yanke ko aiki zai yiwu a cire ta, ko kuwa ta riga ta wuce nan. Sun ce in kawo hoton farko da aka yi mini a wurinku, shi kansa hoton, ba takardar da aka rubuta a kansa ba, don su ga yadda abin yake a lokacin da kuma saurin da ya yi wajen girma. Wannan hoton nake nema. Sauran abin da zan faɗa bayani ne na yadda aka yi na iso nan, kuma zan faɗe shi har da nawa laifin, don ba ƙarami ba ne.

Na ɗaya: abin da ya faru a wurin yankan kati.

Shekara biyar ke nan da al'ada ta ɗauke mini. Mun yi sallama lafiya, na huta da ramuwar azumi. Sai bara, ana gab da shuka, na fara ganin jini. Kaɗan ne, ya zo yau ya ɓace kwana huɗu ya dawo. Abin da ya fara damuna ma ba lafiyata ba ce, salla ce. Na tura a tambayo mini malamin Islamiyyarmu ta hannun matarsa, ya ce jinin ciwo ne, in yi tsarki in yi sallata, amma in je asibiti kada in zauna. Allah ya saka masa da alheri. Kuma Likita ka lura, kafin ya ba da wannan amsa sai da ya sa matar tasa ta dawo ta tambaye ni yaushe rabona da al'ada. Malamin da bai taɓa riƙe injin hoto ba ya yi tambayar da ba a yi mini ba a wurinku.

Dutsin-Ma na zaɓa saboda a Kurfi duk wanda ka gani ko ɗalibina ne ko uban ɗalibina, ni kuwa ba zan kwanta in ɗage riga a gaban wanda na koya wa baƙi da wasali ba.

Dije ce ta yi mini rakiya. 'Yar kawuna ce, taubashiyata ke nan. Damina ɗaya aka haife mu a gida ɗaya a Barkiya, ta girme ni da kwana goma sha bakwai, kuma a tukunya ɗaya aka dafa wa iyayenmu ruwan wankan jego. Ita ba a sa ta boko ba. Ta auri makiyayi, ta kwashe shekara arba'in da ƙwaryar nono a ka tana ratsa rana, har haƙoranta biyu na gaba suka yi gaba suka bar ta. Ni kuwa inuwar aji, da man shafawa, da lalle, da ɗan gilashina. Duk wanda ya gan mu tare sai ya ɗauka gwaggota ce, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, daɗi nake ji. A cikin mota take gaya mini ita ma ta taɓa ganin ɗan ɗigo sau biyu bayan Sallah. Na ce to tunda ga mu ga wuri, ke ma a duba ki.

Da muka isa gaban yarinyar kati ta tambayi shekaru. Na zaro katin aiki na miƙa mata, ta kwafe abin da ke jiki: arba'in da biyar. Dije ba ta da kati kowane iri. Sai ta nuna ni da haɓa ta ce, “Ɗiyata, ki rubuta mani daidai da na wannan, damina guda aka haihe mu.”

Yarinyar ta dube ni, ta dubi Dije, ta tuntsire da dariya. Ni na fi ta dariya. Na ce ta ƙyale ta, taubashiyata ce, wasa take yi, wannan tsohuwar ai ita ta goya ni. Na kuma taka wa Dije ƙafa a ƙarƙashin benci, takawa mai kyau. Matan da ke layi duk suka yi dariya, don kowa ya san bakin taubasai ba a kama shi. Yarinyar ta ƙara ƙare wa Dije kallo ta rubuta mata sittin da biyu. Dije ta ce, “To, Allah shi ba mu alherinsu.”

Likita, a ranar nan shekaruna hamsin da shida ne. Na Dije ma haka. Sai da na haifi biyar na koma makaranta, kuma lokacin da zan kama aiki wani akawu mai son mini alheri ya ce idan na shiga da shekaruna na gaskiya, kafin in gane kan aiki an sallame ni. Muka je aka yi takardar rantsuwar shekaru, aka zabtare goma sha ɗaya. Ban ji kamar na yi wani abu ba, don ba ni kaɗai ba ce, kai ma ka sani. Na rayu da waɗannan shekarun takarda har na fara yarda da su. Ranar nan an faɗi gaskiya a gaban teburinku da babbar murya, ni na danne ta da ƙafata. Wannan nawa ne, na ɗauka, ba zan ɗora wa kowa ba.

Na biyu: abin da ya faru a ɗakin hoto.

Aka sa mu shan ruwan leda har mara ta cika, sannan aka fara kirana. Mai hoton ya dubi kati, ya shafa mini man nan mai sanyi, ya zagaya abin hannunsa a marata sau biyu ko uku. Ban kai tsawon alwala a kan gadon ba. Ya ce ƙarin mahaifa ne, abin da kuke kira faiburod, mata masu irin shekaruna da yawa suna da shi, shi ke sa jinin al'ada ya rikice. Ya ce ba komai ba ne, da zarar al'ada ta ɗauke zai motse da kansa.

Na ji shi sarai. Bakina har ya buɗe zan ce ai ta ɗauke tuntuni. Sai na tuna katin da ke hannunsa, ga ƙofa a buɗe, ga matan da muka gama dariya da su a benci suna jin komai, ga shi namiji sa'ar ɗana. Na mai da bakina na rufe. Kuma gaskiyar magana, abin da ya faɗa shi nake son ji.

Da aka kira Dije sai ɗakin ya canza. Mai hoton ya ga sittin da biyu, ya ga an rubuta jini, sai ya gyara zama. Aka rufe ƙofa. Aka kira ma'aikaciya mace, aka yi mata hoton da ake yi ta ƙasa, wanda ke ganin cikin mahaifa kusa da kusa, aka auna kaurin shimfiɗar ciki. Can sai aka aika a kira ka. Wannan ne kaɗai ganin da na taɓa yi maka, Likita: ka wuce ta gabana da sauri cikin farar riga, ina zaune da takardata a cinya, na gaishe ka ba ka ji ba. Kai da hannunka ka rubuta wa Dije takardar turawa Katsina, ka ce kada ta wuce sati. Aka buga mata hotuna huɗu aka sa a ambulan. Ni takarda ɗaya aka ba ni mai layi uku, babu hoto.

Tun daga tashar Dutsin-Ma har Kurfi tsokanarta nake yi. Na ce tsohuwar mota ta shiga gareji, ni kuwa ko taya ba a taɓa mini ba. A zuciyata tausayinta nake ji, na ɗauka Dije ta kama hanya. Da na isa gida har sadakar ƙosai na yi don godiya. Ban ko raka ta Katsina ba, na ce muna jarrabawa, ɗanta ya kai ta.

Abin da aka samu a jikin Dije ɗan tsiro ne da bai wuce ƙwayar wake ba. Aka cire, aka kai gwaji, aka ce lafiyayyen nama ne. Sati biyu ta koma tallan nononta.

Na uku: dawowata, kuma nan ne nawa laifin ya ƙare naku ya fara.

Jini bai tsaya ba. Na sha maganin ƙarin jini, na sha jiƙe-jiƙen masu maganin ƙari da ke yawo da lasifika ran kasuwa, don takardarku ta ce ƙari ne, ni kuma malama ce, na yarda da takarda. Bayan an gama girbi sai na lura bakin zanina ya daina kaiwa inda yake kaiwa. Mara ta taso, ta yi tauri, ga wani ruwa da ba na son bayyana shi a nan. Na sake hawa mota na zo wurinku, ni kaɗai wannan karon.

Aka ciro katina. Mai hoton dai shi ne. Na cire kunya na ce masa, Malam, al'adata fa ta daɗe da ɗaukewa. Ya sake duban katin, ya ce haka take yi wa mata a shekarun nan, ta tafi ta dawo. Bai tambaye ni wata nawa ba, bai tambaye ni shekara nawa ba. Bai ce in kwanta a sake dubawa a gwada da na farko ba. Cewa ya yi, ai mun gaya miki Malama, haka faiburod yake, in ya dame ki sai ki shirya a yi aiki in an yi hutu. Ga ni a gabansa da bakina, ga cikina a tashe, amma kwalin da ke hannunsa ya fi ni gaskiya. Na fito na koma aji, na ƙara wata huɗu.

Na huɗu: abin da aka nuna mini a Katsina.

Jiri ne ya kwashe ni a gaban allo ina koya wa 'yan aji huɗu rabawa. Daga nan aka ɗauke ni sai Katsina. Likitar da ta gan ni mace ce, ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta karɓi katina ta ajiye gefe ta ce, “Mama, ba shekarun takarda nake tambaya ba, na Allah nake so.” Na faɗa mata. Ta tambayi rabona da al'ada, na faɗa mata. Ta ajiye biro ta dube ni, daga wannan kallon na san labari ya sha bamban.

Da aka yi mini hoto, ita ta juyo mini da fuskar injin ta yi mini bayani dalla-dalla, kuma zan maimaita shi a nan don matan da za su karanta, tunda koyarwa ce sana'ata. Ta ce ƙari na gaske a dunƙule yake, gefensa sumul, mai dubawa yana iya bin iyakarsa da yatsa a jikin hoton. Sau da yawa ba ya zuwa shi kaɗai, kuma jijiyoyin jini ta gefe suka fi kewaye shi. Lokacin da mace ke al'ada yake samun abin da ke ciyar da shi, shi ya sa in ta ɗauke yakan tsaya ko ya motse. Sai ta nuna mini nawa. Guda ɗaya ne babba, gefensa a yage, ba ka gane inda ya ƙare da inda mahaifa ta fara. Cikinsa dabbare-dabbare, nan fari nan baƙi inda nama ya mutu. Da ta danna abin da ke nuna gudun jini, sai ja da shuɗi suka cika tsakiyarsa.

Amma ta yi adalci, ni ma zan yi. Ta ce hoto ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Wani ƙarin yakan lalace ta ciki ya yi kama da mugun abu, mugun abu kuma yakan fara da kamannin ƙari har ya ruɗi gwani. Ta ce aikin hoto shi ne ya nuna wadda za a ƙara dubawa, kuma abin da ke sa mai hoto ya ƙara dubawa shi ne labarin mai ciwo: macen da al'ada ta ɗauke wa ta ga jini ko ɗigo ɗaya ne, ko ƙarin da ya kamata ya motse sai ga shi yana girma. Aka sa ni a babban injin da ake tura mutum ciki gaba ɗaya, aka kuma ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Gwajin naman ne ya kira sunan ciwon.

Na tambaye ta ko da an gane tun bara da yanzu ina lafiya. Ta ce ba za ta faɗi abin da ba ta gani ba, in kawo hoton farko. Wataƙila a lokacin da gaske kamar ƙari yake, mai hotonku bai yi ganganci ba a zuwan farko. Wataƙila kuma alamun suna nan ɓaro-ɓaro. Ni ma ina son in sani.

Na biyar: wannan ba ƙara ba ce, amma sai na faɗa.

Ina jin ƙyashin Dije. Na rubuta, na duba, ban goge ba.

Tun muna yara ni ake ƙyashi. Ni aka saya wa takalmin makaranta, ni na yi albashi, ni na yi gidan bulo, ni na je Makka na dawo na kawo mata ɗankwali da zobe. Ban taɓa kallon wani abu a jikin Dije na ce ina ma nawa ne ba. Yau ga ni ina ƙyashin giɓinta. Ina ƙyashin tamojin da rana ta zana mata a fuska, don shi ya sa yarinyarku ta rubuta sittin da biyu. Ina ƙyashin rashin katinta. Ina ƙyashin ƙofar da aka rufe mata, da macen da aka kira mata, da saurin da ka yi ka wuce ni don ka je kanta. Duk kulawar da jikina yake bukata a ranar, a gabana aka kwashe ta aka kai wa mai ƙwayar wake. Na san ba daga rabona aka ɗiba aka ba ta ba, na san abin da kuka yi mata shi ne daidai, da ba ku yi ba ma da na fi kowa zaginku. Sanin bai rage mini komai ba.

Ambulan ɗin nan nata yana nan cikin kwallarta a Barkiya, tsakanin zannuwan da take ji da su. Hotuna huɗu ras, ba ta ma san ina ne sama ina ne ƙasa ba, kuma babu likitan da zai sake tambayarta su har abada. Ni da raina ya rataya a kan guda ɗaya, ina bin hanya ina roƙo.

Duk sati sai ta zo duba ni, da fura da nono da ɗan man shanu a kwalba, ta kuma kama hanya tun la'asar ba ta yi ba, don yanzu ba a yin yamma a hanyar Barkiya. Ina kwance ina kallonta ta taga, ta ɗaure zani tamau a shafaffen ciki, tana tafe tana tauna goro da haƙoran gefe, sai in kau da kai in juya wa tagar baya. Akwai ranar da ta yi sallama sau uku na rufe ido na yi kamar barci nake. Ta zauna a bakin ƙofa ta dama furar, ta rufe da faifai, ta tafi. Na yi istigfari, na yi kuka, sati na zagayowa kuma na sake jin ƙyashin nan daram inda yake.

Ko sau ɗaya ba ta taɓa tayar da maganar ƙafar da na taka mata ba. Da ta yi mini gori da na samu sauƙi, da mun yi faɗa na huce. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne ta daina tsokanata. Dijen da ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai 'yar boko mai cin alli, yanzu Malama take ce mini, a hankali, kamar mai magana da baƙuwa. Ba na bukatar madubi, daga bakin Dije nake gane yadda na koma.

Na shida: maganar hoton, da abin da nake roƙo.

Zuwana na farko neman hoton aka ce yana cikin kwamfuta, mai buɗe ta ba ya nan. Na biyu aka ce babu wuta, kuma ba a tayar da janareto sai don masu hoto. Na uku yarinyar kati ta rage murya ta ce mini wai in injin ya cika akan goge na da, amma ba ta tabbata ba, sai kai. Likita, daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma ba nisa ba ne ga mai lafiya. Ni duk zuwa ɗaya sai na kwana biyu a kwance ina mai da numfashi.

Don haka ina roƙonka, don girman Allah, a ba ni hoton nan kafin azahar ɗin Litinin. Ɗana zai zo ya tsaya a ƙofarku tun safe. Idan kuwa an goge shi, ka rubuta haka a takarda ka sa hannu, in kai wa likitocina su san da abin da za su yi aiki, ni ma in daina zubar da ɗan ƙarfin da ya rage mini a kan titi. Ba kotu zan kai ka ba. Wadda ta yi rantsuwar ƙarya a kan shekarunta ba ta da fuskar komawa can.

Sannan ina roƙo a daina dogara da shekarun kati. Ka san mu, ka san takardunmu, malamai da ma'aikatan ofis da masu jiran fansho, ba mamaki in aka duba da kyau har a cikin ma'aikatanka a samu masu ranar haihuwa biyu. Mutanen karkara kuma da ido ake yanka musu shekaru. A sa mace ta ja kowace mai zuwa da maganar jini bayan labule, ta tambaye ta yaushe rabonta da al'ada, a rubuta amsar a saman kati. Tambaya ɗaya ce, ba ta cin wuta ba ta cin mai.

A hana mai hoto cewa ba komai. Ya rubuta abin da ya gani, ya ce a kai wa likita. Kuma duk wadda aka yi wa hoto a ba ta abinta a hannu, ko za ta je ta sa a kwalla ne.

Na ƙarshe, ka sa a binciko katunan matan da aka rubuta wa ƙari tare da jini daga bara zuwa yau, a kira su a sake yi musu wannan tambayar. Ba na jin ni kaɗai ce na miƙa katin aiki a teburin nan ina taƙama.

Na san wasiƙar nan za ta isa ofishinmu, za a kuma ga abin da na faɗa a kan shekaruna. Su yi abin da doka ta ce, ba zan yi musu ba. Ba aiki ne a gabana ba yanzu.

Abin da ke gabana shi ne autata Nafisa. Cikinta na fari wata bakwai, kuma gida za ta zo haihuwa kamar yadda aka saba. Na tara itace, na sayi babbar tukunya, na ajiye kanwa da gero da kayan yaji. Jiya da Dije ta zo na daure na tashi, na zagaya da ita na nuna mata inda komai yake, na ce in Talata ta zo da wani labari, ita za ta yi wa yarinyar nan wanka. Ta ce, “Ke za ki yi abinki, Malama, ni ruwa kawai zan riƙa ɗebo maki.” Amma na ga ta ɗaga tukunyar tana gwada nauyinta, na ga hannuwanta, baƙaƙe masu ƙarfi, babu abin da ya same su. Za ta iya. Za ta ma fi ni iyawa.

Likita, ba na so Dije ta riga ni ɗaukar jikan nan. Allah ya yafe mini, ita ce mafi ƙaunata a duniya, amma ba na so. Ka duba mini hoton nan.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci aikin hannunka, ya tsare ka daga kuskuren da ba ya gyaruwa. Allah ya sa duk macen gidanka da za ta kwanta a gaban mai hoto ta samu wanda zai tsaya ya tambaye ta. Mu kuma da ke kwance, Allah ya sa kaffara ne, ya ba mu ikon cinye jarrabawa.

Wassalam.

Malama Saudatu,
Kurfi.